Murtala Nyako: Daga Jirgin Yaƙi Zuwa Gidan Gwamnati

Idan ka shiga kasuwar 'Yan Lemo ta Kano a lokacin zafi, ka ga an jibge mangoro kwando-kwando, ƙudan zuma na zagaye, ka ce "Baba Mai Mangoro", dattawan wurin sun san wanda kake nufi. Admiral Murtala Nyako ne, mai gonar Sebore a Mayo-Belwa, jihar Adamawa.

Abin mamakin shi ne, mutumin da ya tashi a garin da ko ƙamshin teku babu, shi ne ya zo ya shugabanci rundunar sojin ruwan Najeriya. Ya shiga aikin a 1963, aka tura shi horo Ingila. A Fabrairun 1976, takwaransa Janar Murtala Muhammad, ɗan Kanon nan, ya ƙirƙiro sababbin jihohi kwanaki kaɗan kafin a kashe shi, Nyako kuma ya zama gwamnan soja na farko a jihar Neja. Daga 1990 zuwa 1992, zamanin Babangida, shi ne Babban Hafsan Sojin Ruwa. Ya cire kaki ya koma gona.

To, masu kallo, a nan ne labarin ya ɗauki zafi. A 2007 ya ci zaɓen gwamnan Adamawa a PDP. Kotu ta soke, aka sake a 2008, ya sake ci. Sai dai a soja umarni ake bayarwa a bi, a siyasa kuwa kowa da ubangidansa. Wanda ya zama shugaban jam'iyyar na ƙasa a 2012, Bamanga Tukur, ɗan jiharsa ne, kuma zaman doya da manja suke yi. A Nuwamban 2013 gwamnoni biyar suka fice zuwa APC, har da Nyako da gwamnanmu na Kano a lokacin, Rabi'u Musa Kwankwaso.

Bai tsaya nan ba. A 2014 ya rubuta wa gwamnonin Arewa wasiƙa mai zafi, yana zargin gwamnatin Jonathan da kisan kiyashi a yaƙin Boko Haram. A ganina wasiƙar nan ce ta ƙarasa tsinka igiyar. Ranar 15 ga Yuli majalisar jiha ta tsige shi.

A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tsigewar ba ta kan ƙa'ida. Kotun Ƙoli ma ba ta mayar da shi kujera ba; wa'adinsa dai ya ƙare tun watan Mayun 2015.