Sharhi: A Buɗe Bakin Ɗalibi a Darasin Harshe

Jama'a masu saurarenmu, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya shafi yadda ake koyar da harsunan waje a makarantunmu, wato Faransanci da Ingilishi da Larabci, da kuma dalilin da ya sa yaro yake shafe shekaru a aji amma ya fito bai iya haɗa magana ba.

Akwai wani abu da kusan kowane gida a Damagaram ya shaida. Matashi zai tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya bai taɓa buɗe littafin nahawu ba, bayan shekara ɗaya ko biyu ya dawo yana ciniki da Larabci, yana gardama da shi, yana ba da haƙuri da shi. Ƙanensa kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi shekara shida a firamare yana jin Faransanci safe da yamma, kayensa cike da rubutu mai tsabta, amma idan baƙo ya tsayar da shi ya tambaye shi hanyar tasha da wannan harshe sai ya sunkuyar da kai. Ba kaifin basira ne ya raba su ba. Wan ya koya ne domin kullum akwai abin da yake so ya faɗa, akwai kuma mai jiran amsarsa; ƙanen kuwa an koya masa bayani a kan harshen, ba a ba shi filin yin magana da shi ba.

Alƙaluma sun tabbatar da abin da ido yake gani. A binciken PASEC na shekarar 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci, yaran Nijar da suka kai matakin da ake buƙata a fannin karatu a ƙarshen firamare ba su kai ɗaya cikin goma ba. A na 2019 an samu ci gaba, adadin ya kai kimanin uku cikin goma, wanda ke nufin har yanzu mafi yawan yaran suna barin firamare ba su iya karanta shafi guda su fahimce shi sosai ba. Sannan ga shi kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki bai sauke wa makaranta nauyi ba, ƙara mata ya yi, domin yanzu harsunan aiki biyu ake jira ta damƙa wa yaro, a jihar da ke iyaka da Najeriya, inda ɗan Magarya ko Matamaye yake buƙatar Ingilishi da zarar ya shiga banki ko ofishin kwastan a tsallaken iyaka.

Wannan gari ba baƙo ba ne ga harsuna. Unguwar Zango masaukin ayari ce tun zamanin da fatake suke ketare Sahara, kuma a can Bahaushe da Babarbare da Buzu da Balaraben Gadamus suka yi ta cuɗanya har kowa ya tsinci harshen ɗan'uwansa. Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, a bakin mutane ya koyi Ingilishi, har ya zama mataimakin wani malamin mishan mai suna Schön wajen rubuta Hausa, daga baya kuma ya yi aikin tafinta. Dukansu buƙata ce ta koya musu. Aikin malamin harshe shi ne ya shigo da irin wannan buƙata cikin aji, kuma a ganina duk wata dabarar koyarwa da wannan ma'auni ya kamata a auna ta.

Mu yi ɗan lissafi, domin a nan matsalar take ɓoye. A ce aji yana da ɗalibai 80, abin da ba sabon abu ba ne a cikin gari, kuma malam ya yi ƙoƙari ya ware minti 20 domin tambaya da amsa, yana kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Ko da an raba daidai, kowane yaro daƙiƙa 15 zai samu. A zahiri ma ba a raba daidai, yara biyar ko shida na bencin gaba su ne suke ɗaga hannu, sauran kuma sai a yi wata guda ba a ji muryarsu ba in ba a cikin amshi ba. Amma idan malam ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi, ya ba su minti 10 su yi wata ƴar hira da ya riga ya nuna musu yadda ake yin ta, to kowane yaro ya samu minti biyar yana magana, wato ninki ashirin na abin da zai samu a tsarin farko, ba tare da an sayi littafi ko an ƙara benci ba. Malamai da yawa suna gudun wannan saboda hayaniya, suna tsoron kada shugaban makaranta ya leƙo ya ce ajin ya fi ƙarfinsu. Ya kamata shugabanni da sufetoci su san cewa ba a koyon iyo a tudu, kuma ajin harshe da ya yi tsit daga farko har ƙarshe shi ne abin damuwa.

Sai dai hirar ba ta yin amfani idan ba ta da dalili. Idan aka ce yara su tambayi juna sunayensu alhali tare suka tashi a unguwa ɗaya, za su yi sau ɗaya su koma surutu da Hausa. Malamin da ya san aikinsa yakan sa kowane ɗaya ya riƙe abin da ɗayan bai sani ba. Misali, ya mayar da teburinsa kasuwar Dole: ga albasa, ga tumatir, ga sabulu, ga kwalin ashana, mai sayarwa yana da farashi a rubuce a allonsa ya kife shi, mai saye kuma an ba shi kuɗin takarda da bai isa ya sayi komai da komai ba. Dole ya tambaya, dole ya taya, dole ya ƙi ko ya sallama. Kuma tun da a gida da dala ake lissafi, yaron da ya san dala ashirin sai ya nemo yadda zai ce faran ɗari da Faransanci kafin a ba shi kayansa. A minti goma ya yi amfani da lambobi da tambaya da korewa da gaisuwa, abubuwan da a littafi darussa huɗu ne daban-daban, kuma gobe idan aka aike shi kantin da mai shi ba ya jin Hausa, abin da ya yi a aji shi zai yi.

Ga ƙananan yara da ba su fara furta komai ba, kunne ne yake riga baki. Wani masani Ba'amurke mai suna James Asher ya tsara wata hanya tun shekarun 1960, inda malam yake ba da umarni da sabon harshe, yana aikatawa, yara suna bin sa da jiki: tashi, zauna, taɓa kunnenka, je ka buɗe ƙofa, ɗauki alli ka ba Hadiza. Ba a tilasta wa yaro magana a makonnin farko, amma daga motsinsa malam yana gane ya fahimta ko bai fahimta ba, kuma idan lokaci ya yi yaron da kansa zai nemi a bar shi ya ba da umarnin. Wannan ya dace da abin da masanin harshe Stephen Krashen ya jaddada, cewa harshe yana shiga ne ta hanyar jin maganar da ake ganewa, wadda ta ɗan ɗara matakin mai koyo kaɗan. Maganar da ta yi masa nisa ƙwarai ƙara ce kawai a kunnensa, ko da an maimaita ta sau ɗari.

A nan ne maganar harshen uwa take shigowa, kuma ina so iyaye su saurara da kyau. Dattawan da suka yi lakol a da suna tuna sambol, wato abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa, ya yini yana farautar wanda zai miƙa wa domin ya tsira daga bulala. Wasu har yau suna ganin wannan tsanani ne ya sa suka iya Faransanci, sun manta da ɗimbin abokansu da tsoro ya rufe wa baki har suka bar makaranta. A nan Zinder, a unguwar Zango, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar nan a 1973, inda yaro yake fara karatu da rubutu da Hausa, Faransanci yana shigowa da baki tukuna sannan a rubuce. Daga baya an faɗaɗa tsarin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, dokar ilimi ta 1998 ta ba shi gindin zama, kuma gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yaran waɗannan makarantu ba su kasa takwarorinsu a Faransanci ba, sau da yawa ma sun fi su. Dalilin a fili yake: karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane da harshensa cewa harafi sauti yake wakilta, kuma rubutu magana ce mai ma'ana, abu guda ya rage masa idan ya zo Faransanci, wato harshen kansa. Wanda aka fara masa da Faransanci kuwa kaya biyu aka ɗora masa a rana ɗaya. Wannan ba ya nufin malamin Ingilishi a kwaleji ya cinye sa'arsa yana fassara. Jimla ɗaya ta Hausa da za ta warware ruɗani ta isa, sannan a koma harshen da ake koyo.

Makarantar allo ma tana da abin da za ta ara wa boko. Almajiri ba ya wanke allo sai ya kiyaye, kuma bayan ya wanke ba a barin abin da ya wuce, ana tilawa, ana komawa baya a kai a kai. Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa cikin kwanakin farko idan ba a waiwaye shi ba, abin da alarammominmu suka daɗe suna aiki da shi. Malamin da zai ware minti biyar na farkon darasi ya dawo da kalmomin jiya, da na makon jiya, da na watan jiya, ya fi wanda yake tsere ya gama manhaja riba. Kuma ba kowace kalma ce ta cancanci wahala ba, domin masu bincike irin su Paul Nation sun nuna cewa kalmomi 2,000 da suka fi yawo a Ingilishi su ne kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutun yau da kullum. A ɗaya ɓangaren kuma, makarantun Faranko-Arab, waɗanda suka faro daga Sayi a 1957, da zaurukan ilimi inda ake fassara Ahalari da Risala kalma bayan kalma, suna fitar da masu zurfin nahawu, amma su ma suna buƙatar sa'ar da za a rufe littafi a yi hira da Larabci a kan ruwan famfo da farashin hatsi.

Sauran magana ita ce gyaran kuskure, kuma wannan ya fi shafar ƴan mata, waɗanda aka tarbiyyantar da kunya, ga kuma tsoron dariyar maza a ajin da aka haɗa su. Yarinyar da ta yi ƙarfin hali ta furta jimla, aka katse ta a kalma ta biyu, aji ya tuntsire da dariya, da wuya ta sake ɗaga hannu a wannan zango. Abin da ya fi shi ne a bar ta ta kai aya, malam ya amsa abin da ta faɗa, ya maimaita jimlar a gyare kamar mai tabbatar da ya ji, sannan ya tara kurakuran da suka yawaita ya yi bayaninsu a allo a ƙarshe ba tare da kama suna ba. Haka kuma ya jira bayan ya yi tambaya. Binciken Mary Budd Rowe ya gano cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal kafin su wuce ga wani, kuma idan suka kai daƙiƙa uku amsoshi suna ƙara tsawo, masu amsawa suna ƙara yawa. Mai neman kalma a harshen da ba nasa ba ya fi kowa buƙatar wannan jira.

Ba adalci ba ne a ɗora wa malami duka nauyin. Wanda yake koyarwa a rumfar zana, littafi ɗaya a hannun yara huɗu, shi ma kansa bai samu inda zai goge harshensa ba tun da ya bar makarantar horon malamai, yana buƙatar taimako kafin zargi. Tarukan CAPED, inda malaman yanki suke haɗuwa, za su fi amfani idan wani ya tashi ya gwada darasi a gaban ƴan'uwansa suka gyara masa, maimakon a yini ana karanta takardu. Wayar hannu ma kayan aiki ce: malam zai iya naɗar gajeren labari da muryarsa, ko tatsuniyar Gizo da ɗalibai suka mayar Faransanci da kansu, a tura wa iyaye, yaro ya saurara da dare ko babu intanet.

Amma muddin makin jarrabawa yana kan takarda kusan gaba ɗaya, malam zai koyar da abin da ake aunawa, iyaye ma shi za su tambaya. Wannan kuwa ba sai an jira sabuwar doka daga Yamai ba. Kowace makaranta a jihar nan tana iya yanke shawarar cewa a jarrabawar ƙarshen zango, wani kaso na makin Faransanci da Ingilishi da Larabci zai fito ne daga hirar minti biyu tsakanin ɗalibi da ɗalibi, malam yana gefe yana saurare, kuma a sanar da yara da iyayensu wannan tun makon farko na komawa makaranta.