Ta iya ba da canji, amma ta faɗi lissafi

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Ku tsaya a bakin titi da yamma ku lura da yarinya 'yar shekara 9 mai tallar awara. Ka miƙa mata naira 1,000 ka ce ta ba ka ta 350, kafin ka rufe baki ta ƙirgo maka canjin 650 daidai. Amma a rubuta mata waɗannan lambobi a allo, a ja layi a ce ta ɗebe, sai ta yi tsuru. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Lissafin yana kanta. Abin da ya wuce ta shi ne ranar da malam ya koyar da yadda ake aro daga gidan goma, domin ranar tana kasuwa.

Shi lissafi gini ne, tubali bisa tubali. Yaron da ya yi fashin mako biyu lokacin da ake koyar da ninkawa a aji uku, zai tarar da rabawa a aji huɗu kamar an yi masa wani yare. Daga nan sai ya fara jin tsoron darasin, ya koma layin baya, a ƙarshe a ce ba shi da kai.

Tun shekarar 2004 dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya karatun shekara 9 kyauta. Hukumar UNICEF mai kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana ambaton yara kusan miliyan 10 da rabi da ba sa zuwa makaranta, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Ni dai akwai wasu yaran da suka fi tsaya mini a rai: waɗanda sunansu ke cikin rajista, amma ranar kasuwa ba su, lokacin shuka da girbi ba su, in ana biki a dangi mako guda ba su. A takarda ɗalibai ne.

Ba zan zargi uwar da cinikin talla ne tuwon gidanta ba, wanda bai kwana da yunwa ba bai san zafinta ba. Roƙona shi ne a ɗaga tallar zuwa bayan an tashi. Uba kuma ya taka ya je makaranta ko sau ɗaya a wata, ya gaisa da malamin aji, ya ce a nuna masa rajista. Yaro in ya san babansa na leƙowa, ba ya laɓewa a bayan kanti.

Wani zai ce, to ni da ban yi boko ba, me zan koya masa? Iya, ke da kike auna shinkafa da gwangwani, kike riƙe lissafin adashe a ka, malama ce ke. Ki ce wa ɗanki ya raba ƙosai 24 tsakanin ƙannensa 4, ya faɗi nawa kowa zai samu. Malam, in za ku sayi taki, bar shi ya lissafa kuɗin buhu 3. Ku yi dara da shi. Da dare ku ce ya buɗe littafinsa ya bayyana muku abin da aka yi yau, da Hausa, a hankali. Wanda ya iya bayani shi ya gane. Don Allah kuma a daina cewa a gabansa, "Ai mu gidanmu ba mu iya lissafi ba." Yaro yana ɗaukar wannan magana kamar gado.

Sai maganar waya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa guda a rana yana kallon allon na'ura, Faransa kuwa tun 2018 ta hana ɗaliban firamare amfani da waya a makaranta. Mu a nan matsalar a gida take. Yaro ya ari wayar mamansa da sunan aikin gida, kalkuleta ta ba shi amsa, sauran daren ya ƙare a TikTok, da safe a yi ta fama ya ƙi tashi, ya makara, a kore shi daga bakin ƙofa. Kun ga wayar ta ci lissafin, ta kuma ci zuwa makarantar.

Ba sai an yi faɗa ba. A yanka doka ɗaya da kowa ya sani: ba waya sai an gama aikin gida da fensir, bayan sallar isha'i kuma ta kwana a ɗakin iyaye. Lokacin da yaro ke karanto muku biyu sau bakwai, ku ma ku kife taku.