Mitar wuta mai wayo: abin da take aunawa da wanda take faɗa wa

Jama'a, assalamu alaikum. Ku dubi wannan akwatin da ke maƙale a saman falwaya, sannan ku dubi wannan ƙaramin mai madannai da ke cikin ɗaki. Yawancinmu na cikin ɗakin muke kira mita, alhali ainihin mitar ita ce ta sama. Na ɗaki ɗan aike ne kawai: yana nuna maka yunit ɗin da ya rage, yana kai lambobin da ka danna. Su biyun suna magana ne ta cikin wayar wutar gidan, wasu kuma ta siginar rediyo.

Ba kowace mitar kati ce mai wayo ba. Ta kati zalla tana ƙirga wuta, ta yanke idan kuɗi ya ƙare, shi ke nan. Mai wayo ita ce wadda ke aika bayani zuwa kwamfutar kamfanin rarraba wuta, a nan Kano KEDCO ke nan, kuma take karɓar umarni daga can. Wata da sim a cikinta irin na waya, wata kuma tana miƙa bayaninta ga wata na'ura da ke jikin taransifomar unguwa, ita ta tattara na gidaje da yawa ta tura gaba ɗaya.

To yaya take awo? Wutar da ke shigowa gida mai layi ɗaya ƙarfinta kusan bolt 230 ne. A cikin mitar akwai wani ɗan guntun ƙarfe da duk wutar gidan ke bi ta kansa, da shi ake gane yawan wutar da kayanka ke ja. Ƙwaƙwalwar mitar tana auna waɗannan biyun, wato ƙarfin wutar da yawanta, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, ta ninka su, ta samu wat. Wat 1000 na tsawon awa ɗaya shi ne yunit ɗaya. Ke nan fanka mai wat 75 sai ta yi sama da awa 13 kafin ta ci yunit, ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100, amma hitar ruwa mai wat 2000 cikin rabin awa ta lashe shi.

Wannan jar fitilar da ke ƙyaftawa a jikin mita, da ita za ka gwada mitarka. Duba rubutun da ke kusa da ita. Idan an sa 1000, ma'ana ƙyaftawa 1000 yunit ɗaya ne. Wasu mitocin 1600 ne. Kashe komai na gidan, har firji. Ƙyaftawar ta tsaya? Madalla. Yanzu jona hita mai wat 1000, ka ƙirga na minti ɗaya: a mai 1000 za ka samu 16 ko 17, ko ƙasa da haka idan wutar ta zo da rauni. Kada ka gwada da dutsen guga, yana ɗaukewa da kansa idan ya yi zafi. Idan kuwa komai a kashe yake amma fitilar ba ta daina ba, to wuta na zurarewa a wani wuri: ko tsohuwar waya da ta ji damina a cikin bango, ko layin maƙwabci ya haɗu da naka. A gidajen haya da shagunan Sabon Gari da aka haɗa wayar nutural ɗaya, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, wannan ba baƙon abu ba ne, domin mitoci da yawa suna auna wayoyin biyu, mai kawo wuta da ta nutural, su ɗauki wadda ta fi yawa.

Lambar da kake saya mai alƙaluma 20 ce, an kulle ta da lambar mitarka, ba ta shiga wata. A cikinta akwai yawan yunit da lokacin da aka fitar da ita, shi ya sa ba ta shiga sau biyu. Wannan ƙirgen lokacin, wanda ya faro daga 1 ga Janairun 1993, shi ne ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024, har aka raba wa mutane lambobi biyu na sabunta mita. Yunit nawa kuɗinka zai ba ka kuwa ba aikin mita ba ne. Ya danganta da rukunin layinku, daga A mai alkawarin aƙalla awa 20 a rana zuwa E mai awa 4, sannan a cire harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da wani kaso na tsohon bashi idan akwai shi.

Lamba ta ƙi shiga? Sau tari ba mitar ba ce. Madannin a soket ɗin janareto ko na inbata yake, don haka bai isa ga ta falwaya ba. Mayar da shi soket na wutar NEPA. Idan yunit ya ƙare ƙaf, sa masa sabon batir, ka bar shi a jone da makunnin soket a kunne, sannan ka danna.

Batun lafiya. Siginar da mita ke aikawa dangin ta wayar hannu ce, a taƙaice take fita, kuma daga waje, ba a jikin kunnenka ba. Haɗarin gaske yana wurin haɗin waya. Kusar da ba a ɗaure da kyau ba tana ɗaukar zafi, musamman a bazara da ake kunna na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, har roba ta narke. Ka ji ƙaurin ƙona ko ka ga baƙi a murfi, kashe babban makunni ka kira ma'aikatan kamfani. Janareto kuma dole ya bi ta makunnin sauya layi mai raba shi da wutar gwamnati gaba ɗaya, in ba haka ba wutarka za ta koma falwaya ta kama ma'aikacin da ya hau gyara. Masu sola su ma su kula: inbatar da ke mayar da wuta baya, wasu mitocin suna ƙirga ta a matsayin wadda ka sha.

Mai gyaran da ya ce zai “rage wa mita gudu”, ka sallame shi. Buɗe murfi, kusanto da maganaɗisu, tsallake waya, mitar tana rubuta su da rana da lokaci, takan yanke wuta, kuma ba ta dawowa sai da lambar kamfani. Ga tara, ga Dokar Wutar Lantarki ta 2023 da ta tanadi hukunci kan satar wuta.

Saura sirri. Mita ba ta da kyamara, ba ta da makirufo, ba ta jin hirar tsakar gida. Amma tana iya adana yawan wutar da aka sha duk minti 15 ko 30, kuma wannan ba ƙaramin labari ba ne. Daga shi ana iya gane lokacin da gida ke tashi sahur, da lokacin da ake rufe shago, da makon da kowa ya tafi ƙauye hutun Sallah. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba ka damar tambayar kamfani abin da ya ajiye a kanka da wanda yake ba wa, kuma akwai hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, idan ba a saurare ka ba.

Sai dai ɓarakar da ta fi kusa daga hannunmu take. Duk wanda ya san lambar mitarka, da ya sa ta a manhajar sayen wuta sunan mai ita zai fito, wani lokacin har da adireshi. Don haka kafin ka sa hoton rasit a Facebook ko zauren WhatsApp na unguwa, rufe lambar mitar, ka kuma rufe alƙaluman nan 20. Wanda ya kira ka da sunan kamfani yana neman lambar sirrin katin bankinka don “sabunta mita”, katse kiran. Sabuntawa ba ta buƙatar wannan. Idan kuma ka sayi gida ko ka kama shago, je ofishin kamfanin da takardun wurin a sauya suna da lambar wayar da ke kan mitar, ka kuma tambayi bashin da ke kanta kafin ka sayi katin farko.