Amsoshin Tambayoyinku: Shekara Uku a Ɗarika, Me Ya Sa Halina Bai Sauya Ba?

Jama'a masu saurarenmu, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan Kaduna. Takardar da muka fara buɗewa a wannan mako ta fito ne daga wani tela a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce shekararsa uku da karɓar ɗarikar Tijjaniyya, bai taɓa fashin lazimi, wato zikirin safe da yamma, da gangan ba, kuma ba a rasa shi wurin wazifa, zikirin da ake taruwa a yi, amma har yau zafin zuciyarsa na nan, yana daka wa yaran shagonsa tsawa, yana kuma saɓa wa masu kawo masa ɗinki alkawari. Tambayarsa ita ce, shin ɗarikar ce ba ta kama shi ba, ko kuwa akwai abin da bai yi ba?

Malam, mun gode da wannan takarda, domin ba kowa ne zai iya tona kansa haka ba. Ɗarikar da ka karɓa ta samo asali ne daga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya rasu a birnin Fas na Maroko a 1815. Ta ƙara bunƙasa a ƙasar Hausa bayan da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, kuma abin da aka fi sanin Shehu Ibrahim da ƙarfafawa shi ne tarbiyya, wato renon zuciyar muridi a hannun shehinsa har ya san Ubangijinsa ya kuma san kansa. To, a wannan kalma amsarka take.

Lazimi, kamar yadda ka sani, istigfari ne ɗari, salatin Annabi ɗari, hailala ɗari, safe da yamma. Wannan adadi ana iya cika shi da carbi alhali zuciya tana can wurin lissafin shadda da kuɗin zare. Malaman sufaye suna bayyana tafiyar muridi da matakan rai da Alƙur'ani ya ambata: akwai rai mai yawan umarni da mummuna, wanda ya zo a Suratu Yusuf, akwai rai mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, sannan rai mai natsuwa a Suratul Fajri. A ganina, mutumin da ya yi tsawa da rana, abin ya hana shi sakewa da dare har ya ɗauki biro ya rubuto mana, ya riga ya tashi daga mataki na farko. Da can kana yin faɗan ne ka manta, yanzu kuwa yana damunka, kuma wannan damuwar ba ƙaramin sauyi ba ce.

Abin da ya rage maka shi ne ka ci moriyar zama da 'yan'uwa, domin ba don ƙirga zikiri kaɗai ake taruwa a zawiya ba. Na taɓa zama kusa da wata zawiya a nan cikin gari, inda nake ganin wani attajiri, wanda a kasuwa yara ke rige-rigen ɗaukar masa jaka, yana zuwa kafin magariba ya cika butoci da ruwa, ya jera takalman mutane a bakin ƙofa. Idan aka zo karatun Jauharatul Kamali, wato wani salatin Annabi da ake yi a wazifa, aka shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, gwiwarsa tana gogar ta mai turin baro, ba wanda ya fi wani wurin zama. Wannan ita ake kira hidima, kuma da ita ake karya girman kai, wanda sau da yawa shi ne tushen saurin fushi. Shawarata ita ce ka keɓe da muƙaddaminka, wato wanda ya ba ka ɗarika, ka faɗa masa abin da ka faɗa mana ba tare da kwana-kwana ba, sannan ka kama aibi guda ka yi ta fama da shi. Ka fara da alkawari: idan Sallah ta matso, kada ka karɓi ɗinkin da ka san ba za ka gama ba, ko da kuɗin ya ba ka sha'awa.

Takarda ta biyu daga wata uwa ce a Rigasa. Ta ce ɗanta ya shiga ɗarika, ya daina zaman majalisa har tsakar dare, ya kama sallar jam'i, kuma ta yi farin ciki, sai dai yanzu yana raina yayansa da ba ya ɗarika, har gaisuwa tana neman gagararsu.

Hajiya, saɓani kan ɗarika ba baƙo ba ne a gidajen Kaduna, musamman tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kuma wannan fili ba na yanke hukunci tsakanin malamai ba ne. Amma ki sani cewa biyayya ga iyaye da sada zumunci suna cikin abubuwan da ake gindaya wa muridi tun ranar da aka ba shi wuridi, saboda haka abin da yaronki yake yi ya saɓa wa abin da ya karɓa. Irin wannan ɗoki yakan sami sabon shiga, ya ga kamar shi kaɗai ya gane hanya. Kada ki hana shi zuwa zawiya, domin ta nan ya gyaru. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya je ya sami muƙaddamin da ya ba shi ɗarika, ya yi masa bayani cikin mutunci, ya roƙe shi ya kira yaron ya umarce shi da ya riƙa zuwa gaida yayansa kowace safiya.