Mai Ɗaukar Hoton Jirgin Yaƙi a Bakin Shinge: Me Ya Sa Ba a Kama Shi?

[Hoto: jirgin F-35B yana saukowa a tsaye, ya daki ƙasa]

Ku dubi wannan da kyau. Disamba 2022 ne, a wani sansanin soja da ke Fort Worth, jihar Texas ta Amurka. Jirgin yaƙi samfurin F-35B yana saukowa a tsaye, ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle, hanci ya kife, ya hau juyawa. To ga ta nan, kujera ta cilla matuƙin sama, laima ta buɗe. Alhamdulillahi, ya tsira da ransa.

Daga wajen sansanin aka ɗauki wannan bidiyo. Kuma duk ranar da irinsa ya bazu, tambaya ɗaya ce ke cika wurin sharhi: "Wai ya aka yi ba a kama mai ɗaukar ba? Ba sirrin soja ba ne?"

[Hoto: mutane jere a bakin shinge da manyan kyamarori da ƙananan tsani]

Akwai mutanen da kallon jirage shi ne abin sha'awarsu. Ruwa ko rana, suna bakin shinge. A sansanin Lakenheath da ke Ingila, inda jiragen yaƙin Amurka suke, har fili aka ware musu, su ajiye mota su yi ta kallo. Amma a Nuwamba 2001, a garin Kalamata na ƙasar Girka, an cafke masu irin wannan sha'awa su 14, 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2. Sun yi fiye da wata guda a tsare. A Afrilun 2002 kotu ta yanke wa takwas daga cikinsu ɗaurin shekara uku bisa laifin leƙen asiri, sai a Nuwamba na wannan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su.

Sha'awa iri ɗaya, can an ba ka wurin ajiye mota, nan an ba ka ɗaki a gidan yari. A nan ne mutane ke ruɗewa, don haka mu ɗan dakata a wurin.

[Hoto: a matso kusa da wutsiyar jirgi, a nuna haruffa da lambobi]

Yawancinmu mun ɗauka sirrin yana jikin jirgin. A'a. Surar F-35 ko F-16 daga waje, kamfanin da ya ƙera shi da kansa yake tallata ta, kuma ana kai jirgin bukin nuna jirage kowa ya gani. Abin da ke ɓoye a cikinsa, wato manhajarsa da na'urorinsa, kyamararka ba za ta hango shi daga shinge ba.

Ku dubi wutsiyar nan. Kowane jirgi yana da lambarsa, shi kaɗai. Masu kallon jirage ita suke rubutawa a ɗan littafi, tare da rana da lokaci. A shari'ar Girka ma, littattafan rubutun nan da na'urar sauraron rediyo na daga cikin manyan abubuwan da aka kafa hujja da su.

Me lamba ɗaya za ta gaya maka? Ba komai. Amma ka yi wata uku kana rubutawa. Za ka san jirage nawa ne a sansanin. Za ka san guda nawa ne ke tashi kullum, guda nawa suka daɗe ba a gansu ba, wato suna wurin gyara. Za ka san ƙarfe nawa ake fita atisaye. Ranar da goma suka tashi da asuba, manyan jiragen ba da mai suna biye da su, kuma ba su dawo ba, za ka san an tura su wani wuri tun kafin gwamnati ta buɗe baki. Da yayyafi kogi kan cika.

[Hoto: tsofaffin hotunan tankokin Jamus, baƙi da fari]

Kada ku ce zuzutawa nake yi. A Yaƙin Duniya na Biyu, masu leƙen asirin ƙasashen ƙawance da ke yaƙar Jamus sun ƙiyasta cewa Jamus tana ƙera tankokin yaƙi kusan 1,400 a wata. Masana lissafi kuwa suka tattara lambobin jikin tankokin da aka kama, suka ce 246 ne. Bayan yaƙi aka buɗe takardun Jamus: 245. Wallahi duk sa'ad da na tuna wannan lissafi sai ya burge ni.

[Hoto: babban jirgi can ƙololuwa, yana barin farin layi]

A zamaninmu kuma, ranar 26 ga Disamba 2018, wani mai son jirage a yankin Sheffield na Ingila ya ɗaga kyamara ya ɗauki wani jirgi can sama, ya sa a intanet. Nan da nan masana suka gane jirgin shugaban Amurka ne. Donald Trump ne kan hanyarsa ta zuwa Iraƙi, tafiyar da aka so a ɓoye har sai ya sauka. Haka kuma bayanan masu rubuta lambobi sun taimaka wa 'yan jarida gano jiragen da hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta riƙa safarar fursunoni da su a ɓoye bayan 2001.

To kun ga abin da ke hana jami'in tsaro barci. Shi ya sa idan ya zo wurinka ba zai tsaya kan kyawun hoton ba. Zai duba ina ka nufa da kyamarar. Sama, ko ƙofar shiga? Jirgi, ko rumbun makamai, da fuskokin masu gadi, da lokacin canjin aiki? Kuma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A wurare da yawa, ɗaga waya kawai a kusa da sansani ya isa a tsare ka, ko da niyyarka fara ce tas. Abin da ka gani ana yi a Lakenheath, kada ka ɗauka lasisi ne a ko'ina.

[Hoto: F-15 yana tashi]

Ni a ganina, korar waɗannan mutane gaba ɗaya asara ce. A Yuli 2021, a Lakenheath ɗin dai, wani mai kallo ya hango tartsatsi na fita daga bayan wani F-15E da ya tashi. Ya nemo lambar sansanin ya buga. Aka sanar da matuƙin, aka tabbatar akwai matsala a injin, ya juyo ya sauka lafiya. Daga baya matuƙin ya zo har bakin shinge ya yi masa godiya, ya cire tambarin da ke kafaɗarsa ya ba shi. Wanda yake wurin kullum shi ne zai fara gane baƙuwar mota da baƙon sauti.

Jirgi mara matuƙi kuwa, wannan babu zancen sha'awa. A Nuwamba 2024 an ga irinsu suna shawagi a kan sansanonin Lakenheath da Mildenhall da Feltwell a Ingila, hankalin hukumomi ya tashi. Ƙaramin abu ne, amma in inji ya haɗiye shi, magana ta ƙare. Haka ma haska wa matuƙi fitilar lesa.

[Hoto: jirgi ya wuce dab da kan mutane a ƙarshen titin sauka]

Saura jikinka. Tashi da sauka na cikin lokutan da suka fi haɗari, jirgi yana ƙasa-ƙasa, matuƙi ba shi da sararin gyara kuskure, ga tsuntsaye. Kuma ƙarshen titin, inda hoto ya fi kyau, nan ne hanyar jirgin da ya ƙwace. A Satumba 2023, kusa da Turin a Italiya, jirgin Frecce Tricolori, tawagar wasan jirage ta sojin saman Italiya, ya faɗi jim kaɗan da tashi. Matuƙin ya fice, amma jirgin ya auka wa wata mota a hanyar da ke gefen filin, yarinya 'yar shekara 5 ta rasu. Waya ce kawai shingen nan, ba ta tare jirgi.

[Hoto: hayaƙi daga nesa, motocin kashe gobara]

Idan kuma ya faɗi a gabanka, don Allah kada ka ruga wurin. F-16 yana ɗauke da wani sinadari mai guba da ake kira haidrazin. Jikin sababbin jirage in ya ƙone yana sakin ƙananan zaruruwa masu illa ga huhu. Akwai harsasai, akwai abubuwan fashewa na kujerar matuƙi da ba su tashi ba. Ka ja baya, ka koma ɓangaren da iska ke tahowa, ka kira hukuma. Bidiyonka zai yi wa masu bincike amfani, ka miƙa musu. Lambar wutsiyar kuma ka riƙe ta tukuna, kada ka sa ta a intanet, domin a cikin sansanin akwai iyalan da suka san wanda ya hau wannan jirgin da safe, kuma ba a riga an je an gaya musu ba.