Saƙon da Kitse Ke Aika wa Jijiyoyin Jini

Jama'a, ku ɗan taɓa kitsen da ke gefen cikinku. Yawancinmu mun ɗauke shi kamar rumbu ne, inda jiki ke tara rarar abinci ya rufe. To kitse ba a zaune yake shiru ba. Dare da rana yana zuba sinadarai cikin jini, kuma bangon jijiyoyin jini na cikin waɗanda saƙon ke fara iskewa.

A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano leftin, sinadarin da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa don sanar da ita yawan ajiyar da ke jiki. Shekara guda bayan nan aka gano wani, adifonektin. Ku riƙe wannan sunan.

Yanzu mu leƙa cikin jijiya. Akwai wata siririyar shimfiɗa a bangonta na ciki, kaurinta bai wuce ƙwayar halitta ɗaya ba. Ita ke fitar da iskar naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe, jini ya wuce a natse, ta kuma hana ƙwayoyin jini liƙewa a bango. Gano aikin wannan iska ne ya ba masana uku lambar Nobel a 1998. Adifonektin yana taimaka wa shimfiɗar ta yi wannan aiki, yana kuma kwantar da kumburi.

Ga inda gizo ke saƙar: kitse ne ke samar da adifonektin, amma idan kitsen ya yi yawa sai adifonektin ya ragu. Ƙwayoyin kitse suna cika su yi tim, jinin da ke ciyar da su ya kasa isarsu, wasu su mutu. Sai dakarun garkuwar jiki su shigo kwashe gawa, su yi ta sakin sinadaran kumburi. Ba kumburin da ido ke gani ba ne, kuma ba ya zafi. A hankali yake ci, shekara da shekaru. Naitirik oksaid ya ragu, shimfiɗar ta raunana, kwalastaral, wani maiƙo da ke yawo cikin jini, ya samu kafar shiga bango ya taru. Leftin kuma ya ƙaru, ya zuga jijiyoyin saƙon ƙwaƙwalwa da ke matse hanyar jini, hawan jini ya biyo baya. Kitsen yana ma fitar da wani sinadari da ke hana jiki narkar da gudan jini, kuma gudan jini ɗaya ya isa ya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Kitse dai suna ya tara. Wanda ke cikin ciki, kewaye da hanji, ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari nesa ba kusa ba, domin jininsa kai tsaye hanta yake zarcewa. Shi ya sa za ka ga mutum siriri mai teɓa, amma jijiyoyinsa na shan wahala.

Abin da ya fi burge ni shi ne kitsen da ke lulluɓe da jijiyoyin kansu. A da masu bincike kan kankare shi su zubar kafin su fara gwaji. A 1991 wasu masana biyu a Amurka suka bar shi a jikin babbar jijiyar ɓera, sai suka ga jijiyar ba ta matsewa kamar wadda aka kankare. Ashe wannan kitse, idan yana da lafiya, sassauta jijiya yake yi. Sai ƙiba ta kumbura shi ne yake rasa wannan aiki.

To me ke gyara lamarin? Zuƙe kitse da tiyata ba ya yi. Wani bincike na 2004 ya nuna an zuƙe kitsen ƙarƙashin fata mai yawa daga jikin wasu mata, amma adifonektin da alamomin kumburi ba su canza ba, saboda na cikin ciki yana nan. Motsa jiki a kai a kai kuwa yana rage shi, ko da sikeli bai motsa sosai ba, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki kan sauko da hawan jini da sukari. In kuna son sanin inda kuke, ku zagaya igiyar awo a cikinku, ɗan sama da cibiya. Ana so awon ya gaza rabin tsayinku. In ya wuce, ku je a auna muku jini da sukari.