Jiragen ruwan da ake biya wa haya suna lalacewa a La Rochelle

Assalamu alaikum 'yan uwana Sakkwatawa, na gida da na waje. Wurin da na juyo da kyamara nake nuna muku shi ne tashar jiragen ruwa ta Minimes da ke birnin La Rochelle, a gaɓar Tekun Atilantika ta yammacin Faransa, kuma wallahi tun da na sa ƙafa a kan gadar katakon nan raina yake a ɓace. An buɗe tashar a 1972, tana da gurbin jirage sama da 4,000, kuma tana cikin manyan wuraren ajiye jiragen shaƙatawa a Turai. Dogayen sandunan da kuka ga sun cika sama, a jikinsu ake ɗaura ƙyallen da iska ke turawa jirgi ya tafi ba tare da an ƙona mai ba. Yau rana ta fito, iska tana kaɗawa daidai, amma mafi yawansu suna nan a ɗaure.

Ku dubi wannan da ke gabana. Igiyar da aka ɗaure shi da ita ta koma koriya saboda gansakuka, tamfol ɗin da aka lulluɓe shi ya yage yana lilo, kashin tsuntsaye ya bushe a kan dakalin da matuƙi ke zama, har ciyawa ta tsiro a lungun da ruwan sama ke kwanciya. Kwaɗon ƙofar ya yi tsatsar da ba na jin akwai mabuɗin da zai sake buɗe shi. Idan kuka leƙa ƙasan ruwa za ku ga ciyawar teku da ƙananan dabbobi masu ɓawo sun manne a cikinsa sun yi tsiri, domin a ƙa'ida kusan kowace shekara ake ciro jirgi da ƙugiya, a kankare shi, a shafa masa fentin da ke hana su kamawa. Wannan kuwa ya daɗe bai ga burushi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba kyauta yake zaune ba. Hayar gurbin jirgi mai tsawon mita 10 dubban Yuro ce a shekara, ga inshora, ga kuɗin ciro shi da mayar da shi, kuma a tashoshi da yawa na ƙasar nan mutum yakan yi shekaru a layi kafin gurbi ya iso kansa. Ke nan wani yana can yana jira, wani kuma ya tare wurin da abin da ya manta da shi. Jirgin nan tamkar doki ne a turke, ko an hau ko ba a hau ba sai an ba shi dawa da harawa. Masu harkar sukan ce mutum ya ware kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin jirgi kowace shekara domin hidimarsa. Ni da nake lissafin kowane Yuro kafin in aika wa Inna kuɗin cefane, kaina ya kasa ɗaukar wannan.

Da na zauna da wani dattijo Bafaranshe da na tarar yana wanke nasa, sai ya warware mini yadda abin yake faruwa. Daga shekarun 1960 zuwa 1970 aka koma ƙera jirage da roba mai haɗe da zaren gilashi maimakon katako, farashi ya sauko, ma'aikata masu matsakaicin ƙarfi suka yi ta saye, kamfanoni irin su Bénéteau da Jeanneau na yankin Vendée da ke maƙwabtaka da nan suka bunƙasa. Waɗanda suka saya a lokacin yanzu sun tsufa, gwiwa ta ƙi, wasu sun rasu, 'ya'yan da suka gada kuma suna Faris ba ruwansu da teku. Katako yakan ruɓe ya koma ƙasa, amma wannan roba ba ta ruɓewa, sai dai batir ya mutu, famfon da ke fitar da ruwa ya tsaya, inji ya daskare da gishiri, ciki ya cika da fumfuna. Matsalar ta yi yawan da a 2019 gwamnatin Faransa ta amince wa wata ƙungiya mai suna APER ta riƙa wargaza tsofaffin jirage ba tare da mai shi ya biya kuɗin wargazawa ba, sai dai dole wani ya tashi ya cika takardun nema, kuma jirgin da magada ke jayayya a kansa babu mai sa masa hannu.

Ina tsaye a nan zuciyata tana gida. A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife a Shagari, mutum 29 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Masu fitonmu da jirgin katako ɗaya suke ƙetarar da 'yan kasuwa da buhuna da babura, suna toshe ɓula suna kwarfe ruwa, kuma duk da haka ban ga Baturen da zai gwada musu sanin gulbi ba. Rigunan kariyar da ke jibge a cikin waɗannan jirage suna cin fumfuna, su kaɗai da za a tattara a kai bakin mafitanmu, da an rage kuka.

To, kada wani ya ce zai yi dabara, domin tuni wani ɗan uwa ya yi mini saƙo cewa ya ga ana tallar tsohon jirgi a intanet a kan Yuro 1, wai mu saya mu ɗora a jirgin dakon kaya zuwa Legas, daga nan tirela ta kai shi madatsar Goronyo. Gaskiya ne ana sayarwa a haka, amma mai shi nauyi yake sauke maka, daga ranar da ka sa hannu haya da inshora da gyara duk sun dawo wuyanka, kuma kuɗin sabon ƙyalle kaɗai zai iya ninka darajar jirgin. Sannan a ƙarƙashin kowannensu akwai wani ƙarfe mai nauyin gaske da ke nitsewa mita ɗaya da rabi zuwa biyu domin kada iska ta kifar da shi. Wanda ya nace, ya fara zuwa Kwalkwalawa a tsakiyar bazara ya auna Gulbin Rima da sanda, sannan ya kira ni.